Koren Kwat ɗin Mas'udu Sarkin Rami

Idan ka fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou ka ce kana neman Mas'udu, za a tambaye ka wanne daga ciki, don su huɗu ne. Amma ka ce Sarkin Rami, ko 'yar Sin ɗin da ke sayar da cajar waya a bakin gada za ta nuna maka bene ta ɗaga yatsu tara. A hawa na tara yake da ofis, ɗan ɗaki mai tebur da sikeli da tulin kwalaye. Shekararsa goma sha takwas a Guangzhou yana aikin kargo. 'Yan kasuwar Kano su turo masa odar takalma ko jakunkuna, ya je kasuwar Zhanxi Lu ko masana'antun Shiling ya duba kayan da idonsa, ya ɗaure, ya sa a kwantena. Ba a taɓa jin ya aika wa wani takalmin ƙafar hagu zalla ba, kuma a wannan sana'a wannan ba ƙaramin yabo ba ne.

Sarautar kuwa ba a kargo ya same ta ba. Bawan Allahn nan yana da ciwo, sunan ciwon golf, wasan nan da manyan mutane ke bin 'yar farar ƙwallo da sanda har sai ta faɗa rami. A cikin golf ɗin ma akwai inda ciwon ya fi kama shi, wato gasar Masters da ake yi duk watan Afrilu a garin Augusta na Amurka. Ka tashe shi daga barci ka ce masa shekara kaza, zai faɗa maka wanda ya ci, da bugu nawa, da wanda ya zo na biyu, da abin da ya hana na biyun zama na ɗaya.

Majalisarsa tana gidan abincin Zeinabou, wata 'yar Damagaram da ke sayar da tuwon shinkafa da dambu a bayan benen, ita da mijinta Issa, mai tura takalma Maraɗi. Nan Mas'udu ke zama bayan azahar, kuma kaiconka idan kujerar da ta rage ta kusa da shi ce. Kafin miyarka ta huce ka ji cewa an fara gasar a 1934. Kafin ka kai loma ta biyar ka ji cewa lokacin yaƙin duniya an yi shekara uku ba a buga ba, aka zuba shanu da talo-talo suna kiwo a filin. Wannan wurin kaɗai jama'a ke ɗaga kai, su tambayi shanu nawa ne da kuma wa ya ci naman. Daga nan ya wuce zuwa 1949, lokacin da aka fara sa wa zakara koren kwat, ya tafi da shi gida shekara guda ya dawo da shi. Sai ɗan Afirka ta Kudu da ya ci a 1961, sai dattijon da ya ci karo na shida yana da shekara arba'in da shida, sai saurayin da ya ci a 1997 da bugu ɗari biyu da saba'in. Mutane su ce Allah Sarki, su miƙa hannu su ɗauki yaji.

Akwai labari ɗaya da in ya zo kansa yake ajiye cokali. A 1968, in ji shi, wani ɗan Ajantina ya buga rami na goma sha bakwai da bugu uku, abokin wasansa ya rubuta masa huɗu a katin ƙirgar bugu, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Shi ke nan, abin da ya sa wa hannu shi ya tsaya, kwat ɗin ya wuce shi da bugu ɗaya, kuma bai zagi kowa ba sai kansa. Mas'udu kan ce wannan ne ya sa yake son wasan: babu alƙalin da ke bin bayanka da usur, kai za ka ƙirga bugunka, kai za ka sa hannu.

Shi ma yana da koren kwat. Wani tela a Shiling ne ya ɗinka masa, kore shar kamar ɗanyen zogale, kuma ba ya sa shi sai makon gasar. Duk wanda ya san damshin Guangzhou a Afrilu ya san wannan azaba ce, amma haka zai shigo gidan abinci yana zufa yana gyara wuyan kwat.

To, ga inda matsalar take. Tun shekarunsa na farko wani ya tambaye shi ko ya taɓa bugawa, sai ya ce ai a filin golf ya girma. Gaskiya ya faɗa. Amma magana a Xiaobei ba ta kwana yadda aka bar ta. Da mako ya zagayo, ya zama ɗan wasa. Da shekara ta zagayo, ya ci kofi a Kano. A bakin Issa kuwa, wanda ba ya iya ba da labari bai ƙara masa gishiri ba, Mas'udu zakaran Arewa ne da aka gayyata Amurka biza ta hana. Mas'udu bai taɓa faɗin haka ba, bai kuma taɓa musawa ba. In an yi maganar sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, jama'a su ce dubi tawali'u.

Ainihin zancen shi ne, Mas'udu bai taɓa bugun ƙwallon golf ba, ko sau ɗaya. Mahaifinsa, Malam Ilu, lebura ne a wani filin golf a Kano. A wancan zamanin kewayen ramin ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cuɗa da baƙin mai, kuma duk wanda ya taka sai ya bar sawu. Aikin Malam Ilu shi ne ya tsaya a gefe da buhu ɗaure a jikin sanda, in manya sun gama bugu ya ja buhun ya shafe sawunsu. Shekara talatin da ɗaya yana wannan. Ran da ya kama Mas'udu ya zaro sanda daga jakar wani memba yana gwadawa, bai dake shi ba, ya dai karɓe sandar ya goge ta da bakin rigarsa ya mayar, ya ce masa a hankali, wannan ba namu ba ne, namu buhu. Tarihin kuwa daga tsofaffin mujallun da membobi ke yarwa ya haddace shi. Mas'udu yana son mahaifinsa, yana kuma jin kunyar buhun, ya kuma fi jin kunyar wannan kunyar. Shi ya sa a shekara goma sha takwas babu wanda ya taɓa jin sunan Ilu a teburin Zeinabou.

Asirin ya fara warwarewa ne wata Litinin a Shiling. Mas'udu ya je duba jakunkunan mata a masana'antar Laoban Liang, wato Maigida Liang a yarensu, wani gajeren dattijo mai fara'a, Issa kuma ya biyo shi don ya huta da kuɗin mota. A ofishin Laoban sai ga jakar golf jingine a bango. Bakin Mas'udu ya buɗe da kansa. Ya shiga ba da labarin yaron nan ɗan Guangzhou mai shekara goma sha huɗu da ya buga Masters a 2013, aka ci shi tarar bugu ɗaya saboda jinkiri, duk da haka ya tsallake zuwa kwanaki biyun ƙarshe. Laoban ya miƙe tsaye don murna, ya sa aka kawo shayin da ba kowa yake ba wa ba. Nan Issa ya ga dama ta samu, ya ɗauko wayarsa ya yi magana a manhajar fassara, wayar ta sanar da Laoban da muryar mace cewa wannan da yake gani zakaran Afirka ne. Ko daga Arewa zuwa Afirka Issa ne ya ƙara ko wayar ce, Allah ne masani. Laoban ya riƙe hannun Mas'udu da hannu biyu ya ce ranar Asabar za su buga tare.

Mas'udu ya ce sanduna meyo, wato babu. Laoban ya ce yana da jaka uku. Ya ce bayansa na ciwo. Laoban ya ce ƙaninsa mai tausa ne. Ya ce ana hasashen ruwan sama. Laoban ya duba waya ya nuna masa rana tar. Kafin su dawo Xiaobei, Issa ya riga ya sanar a zauren WeChat na 'yan kasuwa, mai mutum ɗari biyu da ɗoriya. Zeinabou kuma, wadda ashe ta riƙe abu ɗaya daga cikin karatun shekaru, cewa zakaran Masters shi ke zaɓar abincin walima, ta tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya Mas'udu, me za a dafa ranar Asabar? Kai ne zakara, kai za ka zaɓa."

Ya ce dambu, da muryar wanda aka tambaya irin likkafanin da yake so.

Kwana huɗu ya yi yana kulle ofis yana gwaji da ƙarfen labule da dunƙulen salatif. Ya fasa ƙwan fitila ɗaya, ya tsaga kwalin jakunkunan wani Alhaji na Kantin Kwari, maƙwabcinsa na ƙasa ya hau sau biyu yana tambaya ko ana faɗa ne. Abin da ke cin ransa ba faɗuwa ba ce. Kujerarsa ce a gidan Zeinabou, da yadda ake matsa masa wuri in ya shigo, da sunan nan da ya fi na yanka bin sa. Mutumin da iyalinsa ke Kano, yana ganinsu sau ɗaya a shekara, wannan teburin shi ne gidansa.

Ranar Asabar da hantsi suka isa filin, can bayan gari, ciyawa kwance kamar an shimfiɗa darduma. Mas'udu ya tsaya ya kasa motsi, don shekara arba'in yana kallon irin wannan a takarda da talabijin. Laoban ya ba shi sanduna, aka haɗa shi da wata ma'aikaciyar filin mai faffaɗar hula da za ta riƙa miƙo masa su, Issa kuma aka bar shi ya bi su a ƙaramar mota bisa sharaɗin zai yi shiru. Ya yi alkawari, ya kuma cika, don da rubutu ya riƙa aika rahoto.

Mas'udu ya gyara tsayuwa yadda ya gani sau dubu, kuma wallahi tsayuwar ta yi kyau. Ya ɗaga sanda ya kawo da ƙarfinsa duka. Iska ta yi ƙara, ƙwallo tana nan inda take. Ma'aikaciyar ta yi maza ta ce gwaji ne, ba a ƙirgawa, Laoban ya shiga kallon wata bishiya. Mas'udu ya san doka fiye da su duka: in ka yi niyyar bugu ka kuskure, bugu ne. Ya ɗaga yatsa ya ce ɗaya. Na biyu ya tono ciyawa mai faɗin tafin hannu. Na uku ya sami ƙwallon, ta tashi kamar fara ta faɗa tafki. Ma'aikaciyar ta ce hao ciyu, wato bugu mai kyau, don haka aka koya musu su ce. Ya gama ramin farko da goma sha ɗaya, Laoban da biyar.

Issa ya leƙa katin ya rubuta wa zaure: namu sha ɗaya, Laoban biyar kacal. Zaure ya kaure da kabbara.

Abin da Mas'udu bai sani ba shi ne, duk shekarun nan babu wanda ya saurare shi har ya gane cewa a golf mai ƙarancin bugu shi ke ci. Mutanen da suka saba da kasuwa da ƙwallon ƙafa, wa zai gaya musu biyar ta fi sha ɗaya? Issa ya ga Mas'udu ya shiga daji ya fito, ya shiga ramin yashi ya fito, ya gangara bakin ruwa, sai ya rubuta cewa namu babu lungun filin da bai taka ba, Laoban kuwa tsakiya kawai yake bi don tsoro. Wani Jamaldeen, ɗan Kumasi mai tura kayan gini, ya rubuta cewa shi fa ya duba, kamar mai kaɗan ne ke ci. Aka ce masa hassada ba kyau, aka cire shi daga zauren.

A rami na bakwai Mas'udu ya yi bugu huɗu kafin ya fita daga yashi. Da ya fito, ma'aikaciyar ta ɗauko manjagara za ta gyara wurin, sai ya karɓa daga hannunta ba tare da ya yi tunani ba. Ya ja ta yana tafiya da baya, yana shafe sawunsa ɗaya bayan ɗaya, har yashin ya kwanta sumul babu ko layi. Laoban ya daɗe yana kallon yashin. Tun ramin farko ya gane zakaran Afirka bai taɓa buga wasan ba, ya dai rufa masa asiri. Yanzu ya tambaye shi da guntun Turancinsa wa ya koya masa wannan. Mas'udu ya ce babansa. Laoban ya gyaɗa kai, ya ce nasa baban manomin shinkafa ne, suka ci gaba.

A rami na goma sha shida abin mamaki ya faru. Ƙwallon Mas'udu ta tsaya taku ashirin daga rami. Ya tsuguna ya duba ƙasar yadda Malam Ilu ke yi, wanda kan ce ka tambayi kanka in an zuba ruwa a nan ina zai bi. Ya taɓa ta a hankali. Ta yi hagu, ta lanƙwaso dama, ta yi kamar za ta tsaya, ta faɗa. Ƙarar faɗawar nan ita ya yi shekara arba'in yana ji daga ƙwallon wasu. Laoban ya yar da sandarsa ya yi tafi, ma'aikaciyar ta ce hao ciyu, wannan karon da gaske. Idon Mas'udu ya kawo ruwa. Issa kuwa ya rubuta wa zaure cewa namu ya ɗan gaji, biyar kawai ya samu a nan, a taya shi da addu'a.

An tashi Mas'udu ɗari da sittin da uku, Laoban tamanin da tara. Mas'udu ya bi katin rami-rami, ya tabbatar babu bugun da ya ɓace, ya sa hannu. Yana cikin mota yana shirya yadda zai shiga gidan Zeinabou da wannan abin kunya, sai Issa ya rungume shi ta baya ya ce kusan ninki biyu, Yaya, ka wanke mu. Nan ne ya duba zauren ya ga abin da ake ciki.

Bayan la'asar suka iso, har da Laoban, wanda Zeinabou ta ce a zo da shi don a rarrashe shi. Mutum sun fi talatin, har kan matakala. Aka ɗauko koren kwat daga ofis aka sa wa Mas'udu, aka zaunar da shi a kujerarsa, aka ajiye masa tiren dambu mai zogale da man shanu. Laoban yana murmushi, ba ya jin Hausa, kuma da alama ko yana ji ba zai tona ba. Jamaldeen yana waje an hana shi shiga. Abin da ya rage wa Mas'udu kawai ya sa hannu a dambu, ya zama zakara har ranar da za a mayar da shi Kano. Ya kai hannu aljihu neman hankici, sai ya taɓa katin.

Ya miƙe. Ya ce a yi masa shiru, kuma a karon farko a tarihin majalisar aka yi.

"Jama'a, a wasan nan mai kaɗan ne ke ci. Laoban ya cinye ni da bugu saba'in da huɗu. Ni kuma ban taɓa buga golf ba sai yau."

Ludayin Zeinabou ya tsaya a sama. Issa ya dubi wayarsa, ya dubi Mas'udu, sai Faransanci ya kuɓuce masa.

"Bon. Wato duk kabbarar nan da muka yi, faɗuwa muke yi?"

Mas'udu ya ce tun daga ramin farko. Sannan ya ba su labarin da bai taɓa bayarwa ba, na yashi da baƙin mai da buhu a jikin sanda, da mutumin da ya goge sanda da bakin rigarsa ya mayar. Bai kawo shekara ko ɗaya ta Augusta ba, kuma babu wanda ya miƙa hannu ya ɗauki yaji. Da ya gama ya tuɓe kwat ɗin, ya zagaya bayan Laoban ya sa masa, yadda tsohon zakara ke sa wa sabo. Hannun kwat ya rufe yatsun Laoban, gindinsa ya kusa gwiwa. Aka sa wayar Issa ta gaya masa cewa aro ne, ya dawo da shi Afrilu mai zuwa. Wani ya tuna da Jamaldeen, aka shigo da shi, aka mayar da shi zaure, aka ba shi cinyar kaza ba tare da an ba shi haƙuri ba.

Mas'udu ya tsaya da 'yar shara jiƙe da zufa, bai san ko kujerar tasa ce har yanzu ba. Zeinabou ta karɓi katin daga hannunsa ta juya shi.

"Yaya, baban namu ya sunansa?"

"Ilu."

Ta miƙa masa biro ta ce ya ƙara shi a gaban nasa sunan, sannan ta manna katin da salatif a bango, sama da jerin abinci. Ta tura masa kujerar da ƙafa ta ce dambu na hucewa. Issa, wanda har yanzu lissafin bai gama zauna masa ba, ya tambaya shi Malam Ilun, a shekara talatin da ɗayan nan, bugu nawa ya yi.

"Ko ɗaya," in ji Mas'udu. Ya ɗaga kai ya dubi katin. "Shi ya sa nawa suka yi yawa. Na mutum biyu ne."